Likita ya ce Baba ya dinga rawa saboda ciwon Parkinson, anya kuwa?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun shekaranjiya amma na ƙi amsa miki a tsaitsaye, don maganar ba ta layi biyu ba ce, sai yau Juma'a da babu aiki na ce bari in zauna in yi miki ita yadda ya kamata. Saboda waɗanda ba su ga tambayar ba: ta ce mahaifinsu shekararsa 67, nan Jidda suke zaune, shekara huɗu kenan da likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar ciwon Parkinson ne, wanda Larabawa ke ce wa shalal ru'ash. Yana shan magani amma kwanan nan ƙafarsa ta fara kafewa a bakin ƙofa, har ya faɗi sau biyu, ɗaya a hammam, wato banɗaki. Da suka koma mau'idi, wato ranar ganin likita, sai duktur ya ce a dinga sa masa kiɗa yana rawa. Baba ransa ya ɓaci, ya ce shi da furfurarsa ba wanda zai mai da shi ɗan rawa, yayyenta maza kuma sun rabu biyu. Tana tambaya gaskiya ne rawa na taimakawa ko dai abin Turawa ne kawai.

Ni aikina ilaj tabi'i, wato abin da a gida Najeriya ake ce wa gashi ko fisiyo, a Makka aka haife ni wajen Shari' Mansur, kuma masu wannan ciwon da suka bi ta hannuna suna da yawa, cikinsu har da dattawanmu. Amsata a taƙaice: duktur ya faɗi gaskiya. Amma kalmar da ya yi amfani da ita ce ta ɓata zancen, kuma ban ga laifin Baba ba ko kaɗan. In kika ce wa dattijon Bahaushe "rawa" abin da zai zo masa a rai daban ne, dandali ne da 'yan mata da maroƙa. Abin da likita ke nufi shi ne motsa jiki a kan amo, a kan bugu mai maimaituwa, kuma wannan ana iya samunsa ba tare da an taɓa mutuncin kowa ba. Bari in fara da dalilin, don in kun gane dalilin ku da kanku za ku san yadda za ku ɓullo wa Baba.

Can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke samar da wani sinadari, dofamin. A wannan ciwon su ne ke mutuwa a hankali a hankali, kuma kafin a fara ganin karkarwar hannu ko nauyin jiki an riga an rasa kusan rabinsu ko fiye. Aikin dofamin a wannan ɓangaren shi ne tafiyar da motsin da mutum ke yi ba tare da ya yi tunani ba. Ke yanzu in kin tashi za ki kicin ba kya cewa bari in ɗaga ƙafar dama, in ajiye, in ɗaga ta hagu, in lilo da hannu. Jiki ne ke yi da kansa, da faɗin takun da saurinsa duk an auna miki. Ni yadda nake yi wa mutanenmu bayani shi ne, kowannenmu akwai makaɗi a cikin kansa, irin mai gangar noma da ke bin 'yan gayya, shi ke ba ƙafa lokaci. Mai Parkinson ƙafarsa lafiya lau, ƙarfinta na nan, ba shanyewa ta yi ba duk da sunan da Larabawa suka ba ciwon, makaɗin ne hannunsa ya yi sanyi. Shi ya sa za ki ga taku ya zama ƙanana ƙanana kamar yana jan ƙasa, hannu ya daina lilo, murya ta yi ƙasa, rubutu ya ƙanƙance, fuska ta daskare har ku zaci fushi yake yi alhali ba fushi ba ne. Wani lokacin kuma makaɗin ya tsaya cak, shi ne kafewar nan da kike gani a bakin ƙofa, ƙafa kamar an liƙa ta da gam a balat, wato tayil ɗin ƙasa, jiki na son wucewa ƙafa ta ƙi, daga nan ne faɗuwa ke zuwa.

To abin mamakin shi ne hanyar da ke tsakanin kunne da sassan motsi na ƙwaƙwalwa ba ita ciwon ya fi cinyewa ba. In bugu ya zo daga waje, tafi ne, ganga ce, ƙirga ce, jiki na iya kama shi ya taka a kai, kamar an yi masa aron makaɗi. Kin taɓa ganin mata uku a turmi ɗaya suna lugude? Ba wadda ke lissafin yaushe za ta sauke taɓarya, amon ne ke riƙe da su duka, kuma sai su daka abin da mace ɗaya za ta gaji da rabinsa. Wannan abin ne dai.

Bari in ba ki abin da na gani da idona. Akwai wani dattijo namu, tsohon direban bas ɗin alhazai ne tsakanin Makka da Madina, mutum mai jiki da tsawo. Ranar farko da ɗansa ya kawo shi ya zo daidai ƙofar ɗakin tamrin, wato ɗakin motsa jiki, ya kafe. Ɗan yana jan hannunsa yana "Baba taho mana, taho", gwiwoyinsa na karkarwa a wuri ɗaya, gumi ya keto masa duk da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na aiki, kunya ta kama shi don akwai mutane a bayansa suna jiran wucewa. Na ce wa yaron sake shi. Na tsaya a gefensa ba gabansa ba, na ce Alhaji kar ka yi ƙoƙarin tafiya, tsaya tukun, miƙe ƙirjinka, yanzu jingina nauyinka a ƙafar hagu, dawo dama, hagu, dama, ina tafa hannu a hankali ina cewa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, muka yi ta lilo kamar sau shida, sannan na ce in na ce ɗaya ka jefa ƙafar dama gaba da nisa kamar za ka tsallake kwata. Wallahi sai ga shi ya shigo, taku takwas manya manya har bakin kujera. Ya zauna ya kalli ƙafafunsa ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce "ashe suna nan". Ba wani abin al'ajabi na yi ba, duk wanda ya karanci aikin nan ya san wannan dabarar, kuma da na daina tafin bayan minti kaɗan ƙananan takun suka dawo. Shi ya sa ake maimaitawa kullum har jiki ya saba, har mutum ya koyi yi wa kansa ƙirgar a zuci.

Game da cewa abin Turawa ne, eh su suka fara aunawa suka rubuta, kamar yadda ciwon kansa wani likitan Landan James Parkinson ne ya fara siffanta shi a rubuce a 1817. Amma ciwon ba na Turawa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sama da mutum miliyan 8.5 ke ɗauke da shi a 2019, kuma kowa ya san Muhammad Ali ɗan dambe, an gano nasa a 1984, duniya ta gan shi a 1996 yana kunna wutar Olamfik a Atlanta hannunsa na karkarwa. A wannan shekarar ta 1996 ne Michael Thaut da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da wani bincike, sun sa masu ciwon suna tafiya a kan bugun kiɗa kullum a gida na sati uku, saurin tafiyarsu ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin ɗari, takun ma ya ƙara faɗi. A 2001 kuma a unguwar Burukilin ta birnin Niyok wata ƙungiyar masu rawa, Mark Morris Dance Group, ta haɗa kai da ƙungiyar masu ciwon na unguwar suka buɗe aji, shi ne shirin Dance for PD da yanzu ya bazu ƙasashe da yawa. Sai masu bincike a jami'ar Washington da ke Sant Luwis, Gammon Earhart da Madeleine Hackney, suka ɗauki rawar tango ta mutanen Ajantina suka yi ta gwadawa tun wajen 2007. A 2012 Earhart da Ryan Duncan suka fitar da wanda ya fi tsawo, mutum 62 aka raba biyu, rabi suna tango awa ɗaya sau biyu a sati har shekara guda, rabi suna zaman su yadda suka saba. Masu tangon alamomin motsinsu suka yi sauƙi, tsayuwarsu da tafiyarsu suka gyaru, ɗaya rabin kuma ba su samu wannan ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne na wani likitan Italiya, Daniele Volpe. Ya je wani ƙauye a ƙasar Ailan wurin kiɗan gargajiyarsu, ya ga wani mutum ya shigo da tafiyar masu Parkinson sak, da aka fara kiɗa mutumin ya shiga fili ya taka kamar ba shi ba. Ya koma gida ya gwada wannan rawar ƙauyen a kan marasa lafiyarsa kuma ya ga amfani. Kinga kenan ba wai tango ce ke da wani sirri ba, rawar da mutum ya tashi da ita a kunnensa ma tana yi, ni a ganina ma ta fi, don jiki ya riga ya san ta. A 2023 ƙungiyar Cochrane, masu tattara bincike su tace, sun haɗa gwaje-gwaje sama da 150 na motsa jiki a wannan ciwon, kusan mutum 8,000, suka ga yawancin nau'o'in motsa jiki suna taimakawa, rawa kuma tana cikin na gaba gaba wajen sauƙaƙa alamomin motsi.

Amma fa in faɗa miki ɗaya gefen don kar ku ɗora buri inda ba wurinsa ba. Rawa ba ta warkar da Parkinson, har yau babu abin da ke warkar da shi. Ba ta maye gurbin Sinemet ko Madopar ko duk wanda yake sha. Yawancin waɗanda aka yi binciken nan da su ciwonsu bai yi nisa sosai ba, suna iya tsayuwa da tafiya. Kuma in aka daina amfanin na zubewa a hankali, kamar dai magani ne, ranar da aka ajiye shi aikinsa ya fara ƙarewa.

Yayanki da ya ce ai Baba na zuwa masallaci da ƙafa sau biyar, wannan bai isa ba? Tafiya na da kyau ƙwarai, kar ya daina, in ma da hali a dinga kai shi mamsha, wato wurin tafiyar ƙafa, ko Kurnish na bakin teku da yamma. Sai dai tafiya gaba kawai ake yi. Ki lura da inda Baba ke faɗuwa, na tabbata ba a miƙaƙƙiyar hanya ba ne. Wajen juyawa ne, wajen ja da baya zai zauna ko zai buɗe ƙofa ta jawo shi, wajen matsawa gefe a sahu, wajen cire takalmi a ƙofar masallaci mutane na turowa, ko yana tafiya wani ya yi masa magana hankalinsa ya rabu biyu. To rawa waɗannan abubuwan ne zalla: taku gefe, taku baya, juyi, tsayawa a tashi, ɗora nauyi a ƙafa ɗaya a sake shi zuwa ɗaya, ga kunne na sauraro, ga kai na tuna abin da ke biye. Duk abin da ciwon ke sacewa shi ake maimaitawa sau ɗari ba tare da mutum ya ji yana aikin wahala ba. Ni na sha rubuta wa mutane tamrin a takarda, ɗaga ƙafa sau goma, miƙa hannu sau goma, sati biyu takardar ta shige ƙarƙashin katifa. Amma abin da ake yi da jikoki ana dariya ba a gajiya da shi. Kuma kar ki raina wannan ɓangaren, don baƙin ciki da janye jiki daga mutane suna cikin ciwon kansa, ba raunin imani ba ne, sinadaran ƙwaƙwalwa ne suka taɓu. Dattijon da a da majlis ɗinsa ba ya rabuwa da baƙi yanzu yana ɓoye hannunsa a aljihun jallabiya kar a ga karkarwa, ya daina zuwa ɗaurin aure, ya daina zuwa zaman 'yan gari, wannan zaman kaɗaicin yana cin mutum fiye da yadda muke zato.

Yanzu maganar kiɗa da addini, wadda na san ita ce ainihin abin da ke ran Baba. Hukunci na malamai ne, kowane gida kuma da malamin da ya yarda da shi, ku tambaya. Abin da ni zan ce ta ɓangaren aikina shi ne ƙwaƙwalwa ba ruwanta da garaya ko fiyano, bugu take nema mai daidaito. Tafin hannu ya isa. Duffi ya isa. Murya kawai ta isa, ƙasida ko waƙar bege da ya haddace tun yana yaro, in dai tana da amo mai faɗuwa daidai, kuma in shi ke rerawa da bakinsa ma riba biyu ce don muryar na buƙatar tamrin ita ma. Akwai manhajar waya kyauta da ake ce wa metronom, ba abin da take yi sai ƙwas ƙwas ƙwas a kan saurin da kika saita mata. Kuma hadisin Habashawa da suka yi wasa da masu a masallacin Annabi (SAW) ranar idi, Nana A'isha na kallo, yana cikin Bukhari da Muslim, Baba ya fi ni saninsa. Sannan a ƙasar nan da muke ciki wa ke yin arda, rawar takobin nan ta gargajiya? Dattawa ne masu gemu, har sarakuna, a jere kafaɗa da kafaɗa, takobi a hannu, ana buga ganga suna lilo daga ƙafa zuwa ƙafa, ba wanda ya taɓa cewa mutuncinsu ya zube, UNESCO ma ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2015, mizmar, wasan sanda na Hijaz, ya biyo a 2016. Lilon arda ɗin nan, a hankali, nauyi na tafiya dama da hagu, gwiwa na ɗan lanƙwasa, kusan shi ne abin da nake koya wa mutane a ɗakin tamrin. Mizmar kam da muka taso muna gani a unguwa, da juyinsa da wulwula sanda, ya yi wa Baba sauri, a bar wa samari. Ku daina cewa rawa a gabansa kwata-kwata. Ku ce tamrin ne duktur ya rubuta, tamrin mai ƙirga, kuma gaskiya kuka faɗa.

Ga yadda za ku fara a gida. Lokaci shi ne farko: ku lura da sa'ar da magani ke kama shi, yawanci minti 30 zuwa awa ɗaya bayan ya sha, za ku ga jikin ya saki, to a wannan tsakanin ake yi, ba lokacin da maganin ya fara sakinsa ba. A naɗe ƙananan darduma da kafet masu zamewa, a kawar da wayoyin caja, balat ya zama busasshe. Ban da silifas, ban da safa zalla a kan balat, takalmi mai rufe dunduniya ko ƙafa tsirara in ƙasan ba santsi. Jallabiyar ma in doguwa ce a sa wando da riga. A samu kujera mai hannu mai nauyi wadda ba ta da taya.

A zaune ake farawa, ko da yana iya tsayuwa. Minti biyar zuwa goma: buga ƙafa a ƙasa a kan amo, dunduniya sannan yatsu, ɗaga gwiwa ɗaya bayan ɗaya, buɗe hannuwa har ƙarshensu kamar zai rungumi mutum biyu, juya kafaɗa ya kalli bayansa ta dama da ta hagu. Kalmar da za ku yi ta nanata masa ita ce "babba", don ciwon na sa mutum ya ji kamar ya yi motsi babba alhali ƙarami ya yi, ma'aunin cikin ne ya lalace, sai an ce ya wuce gona da iri sannan yake zuwa daidai. Daga nan ya miƙe ya dafa bayan kujera, ya ɗan tsaya tukun kafin komai, sai lilo dama da hagu, sai taka a wuri ɗaya kamar soja, sai taku biyu gefe a dawo, sai taku ɗaya baya a dawo. Juyi kuma kar ya taɓa yinsa a kan ƙafa ɗaya kamar yadda muke yi, ya zaga da faɗi, taku taku, kamar mota na juyawa a dawwar, wato shataletale. Layukan balat ma abin amfani ne, ido na yin irin aikin da kunne ke yi, ku ce ya taka kowane layi, wasu har salatif mai kala muke liƙa musu a bakin ƙofar hammam da inda suka saba kafewa.

Saurin bugun kuma kar ku zaɓa da ka. Ku ƙirga takun da yake yi a minti ɗaya in yana tafiyarsa ta yau da kullum, ku saita a kan wannan. In mai yawan kafewa ne ko mai irin tafiyar nan da ke ƙara sauri da kanta kamar ana tura shi, a ɗan rage ƙasa da haka don takun ya samu faɗi. Kiɗa mai sauri na sa ƙananan taku su ƙara ƙanƙancewa, na ga gidan da suka sa wa mahaifiyarsu waƙar biki mai zafi da kyakkyawar niyya, Allah ne ya tsare ba ta karye ba. Wanda zai tsaya da shi ya tsaya a gefe ɗan baya kaɗan, ko in suna fuskantar juna Baba ya ɗora hannuwansa a kan damatsan mutumin, shi ya dafa, ba a riƙe shi a ja ba. Jan mai Parkinson in ya kafe shi ne kuskuren da kusan kowane gida ke yi, saman jiki ya tafi ƙafa na nan, sai ƙasa. Ku fara da minti 15, a ƙara a hankali, abin da ake nema shi ne a kai kamar minti 45 zuwa awa ɗaya sau biyu ko uku a sati, sauran ranakun ko minti goma ne a taɓa.

Akwai abubuwan da nake so ku kiyaye sosai. Ciwon da maganinsa duka suna iya sa hawan jini ya faɗi in mutum ya miƙe, sai jiri, wani har ya ga duhu. Ga zafin Jidda da gumi. Ya sha ruwa kafin a fara, in ya ce kansa na juyawa a zaunar da shi nan take, kuma ku gaya wa duktur a auna shi a kwance da a tsaye. Haka in zai ɗago daga sujada ko ya tashi daga tahiya, ya yi a hankali, in ta kama ya yi salla a kujera ya yi. Tunda ya riga ya faɗi sau biyu ni shawarata kar ku fara na tsaye ku kaɗai, ku nemi duktur ya rubuta muku tahwil, wato takardar turawa, zuwa ilaj tabi'i ko zama uku ne ko huɗu, a gwada tsayuwarsa a nuna muku da hannu, sannan ku ci gaba a gida. Na san ba kowa ke da ta'amin, wato inshorar lafiya, ba cikin mutanenmu, wasu kowane zama daga aljihu ne, shi ya sa na ce ko kaɗan ne, na zaunen kuma za ku iya farawa tun gobe. In yana da ciwon zuciya, ko ya fara rikicewa ko ganin abubuwan da babu, to komai sai da izinin likitansa.

Tunda na zauna bari in ƙara miki biyu da ba ki tambaya ba. Maganin nan na lebodofa, wanda ke cikin Sinemet da Madopar, yana rigima da abinci mai furotin wajen shiga jini, nama, ƙwai, ful, laban, in aka haɗa su lokaci ɗaya wasu sai su ga kamar maganin bai yi aiki ba, galibi ana so a sha kamar rabin awa kafin abinci ko awa ɗaya bayansa, ku tambayi likitansa yadda zai tsara masa. Kuma kar a taɓa yanke shi farat ɗaya, ko don azumi ko don wani ya kawo na gargajiya ya ce a ajiye na asibiti, yankewar na da haɗari sosai, in Ramadan ya matso a je a zauna da duktur tun da wuri. Na biyu, in ya yi amai ko tashin zuciya kar a je saidaliyya, wato kemis, a karɓo Primperan ko Plasil, irin waɗannan suna toshe dofamin ne, suna dagula ciwon, duk inda za a ba shi magani ku fara cewa yana da Parkinson. Masu cewa sammu ne ko iska, na san ba za a rasa ba a dangi, addu'a da ruƙiyya ba wanda ya hana, mu ma muna yi, amma a yi su maganin na tafiya.

In kun kai shi Umra, cunkoso da ƙuntataccen wuri su ne manyan masu jawo kafewa, ku zaɓi lokacin da mutane suka ragu ko hawa na sama, ɗaya daga cikinku na gefensa, shi kuma ya riƙe tasbihinsa a kan takunsa, subhanallah a dama, walhamdulillah a hagu. Sa'ayi ya haura kilomita uku in aka haɗa bakwai ɗin, in ya gaji a hau arabiyya, keken da ake tura mutum, ba wani abu.

Wa zai yi tamrin ɗin da shi? Ni da za ku bi tawa, ba ke ba, ba kuma babban yayanku ba, don a gabanku zai ji nauyi. Ku nemo jikan da ya fi shiri da shi, ɗan shekara goma ko sha biyu, a ba shi aikin tafi da ƙirga, babba ɗaya na tsaye a gefe saboda tsaro, a rufe ƙofar majlis ba 'yan kallo, kuma don Allah kar wanda ya ɗauki bidiyo ya tura guruf ɗin dangi, ranar da ya ji an gani ya gama yi kenan. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, abin da zai ƙi yi don ke zai yi don yaron ya ce "Alhaji ka kasa ni".

Kafin ku fara ku yi wannan awon ku rubuta a takarda: ya zauna a kujera, ku auna mita uku a ƙasa ku sa alama, ku danna agogon waya, ya tashi ya je alamar ya juyo ya dawo ya zauna, sakan nawa ya ɗauka. Mu ma da shi muke aunawa a mustashfa. Ku rubuta har da sau nawa yake kafewa a rana da kuma a ina. Bayan sati shida ku sake, a daidai lokacin maganin da kuka yi na farko, ki dawo nan ki faɗa min lambobin biyu, in akwai abin gyarawa sai mu gyara. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya saka muku da alheri. A gaishe min da shi.